Yadda ake taka hanyar West Highland Way, daga bakin birnin Glasgow zuwa gindin Ben Nevis

A arewacin birnin Glasgow na ƙasar Sikotland akwai wani ƙaramin gari da ya manne da birnin. A rubuce sunansa Milngavie, a bakin mutanen wurin kuwa "Malgai" za ka ji. Riƙe wannan lafazin, domin da shi za ka nemi tikitin jirgin ƙasa. A tsakiyar kasuwar garin, a titin Douglas, an kafa wani ginshiƙin dutse tsakanin shaguna. Daga gindinsa hanyar West Highland Way ta tashi, ta miƙa arewa kilomita 154, har garin Fort William da ke ƙarƙashin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Birtaniya, mai mita 1,345. A 1980 aka buɗe ta, kuma ita ce doguwar hanyar ƙafa ta farko da hukuma ta shata a Sikotland.

Baƙo yakan ɗauka hawan dutse ne abin fargaba, alhali wuri mafi tsayi a duk hanyar mita 548 ne kacal. Abubuwan da ke mayar da mutane gida tun ba su kai rabi ba guda uku ne: ƙafar da ta yi bororo, jikin da ya jiƙe ya ɗauki sanyi, da jakar da nauyinta ya wuce kima. Wanda ya kiyaye waɗannan, ko bai taɓa doguwar tafiya ba, zai kai.

Yaushe, kuma daga wane ɓangare

Daga kudu ake farawa a nufi arewa. Iskar ƙasar mafi yawa daga kudu maso yamma take kaɗowa, saboda haka ita da ruwan da take korowa a ƙeya za su riƙa dukanka, ba a fuska ba. Ban da haka, kwana biyun farko a ƙasa mai sauƙi suke, gonaki da kurmi, jiki yana sabawa kafin a shiga cikin duwatsu.

Watan Mayu muka fi so. Rana tana da tsawo, ruwan sama ya fi sauƙi, ƙananan ƙudajen cizo ba su yi yawa ba tukuna. Sai Satumba. Daga Yuni zuwa Agusta akwai ɗumi, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare a ƙarshen Yuni, amma lokacin ne ƙudajen ke cin kasuwarsu, masauki kuma ya yi wuyar samu. Daga Nuwamba zuwa Maris kada sabon shiga ya gwada: a Disamba tun kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ƙanƙara tana rufe mashigan dutse, masaukai da dama kuma a kulle suke.

Kwana 7 ake yawan yi, kwana 8 ya fi dacewa da mai fara koyo. Don lissafin lokaci, akwai ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya kafa a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Ƙa'idar ba ta haɗa da hutu, cin abinci da salla ba, kuma ba ta san nauyin jakarka ba. Ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da ta ba ka.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ba a Birtaniya yake zaune ba sai da bizar ziyara, don haka ita ake fara nema kafin a biya kuɗin masauki.

Horar da jiki

Fara tun saura mako 10 ko 12. Makonnin farko ka riƙa tafiyar kilomita 6 zuwa 8 sau uku a mako, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai 18 zuwa 20 a ranar hutu. A wata na ƙarshe sai ka yi abin da ya fi kome muhimmanci, wato doguwar tafiya kwana biyu a jere, da takalmin da za ka tafi da shi da jakar cike da kayanta. Kowa yana iya kilomita 20 rana ɗaya. Tambayar ita ce yadda ƙafa za ta tashi washegari, kuma gara ka sami amsar a unguwarku. Nemi wuri mai hawa da sauka: matakalar bene, ko tudu irin Dala da Kufena ga wanda ke kusa da su. Saukar ita ce ke cin gwiwa, don haka kada ka riƙa hawa da ƙafa kana sauka a lif.

Takalmi, safa da ƙafa

A nan ya kamata kuɗinka ya fi zuwa. Sayi takalmin tafiyar daji mai ƙasa mai zara-zaran haƙora, ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. In babu wannan tazarar, kowace gangara yatsu za su riƙa dukan gaba, farce ya yi baƙi, daga baya ya fita. Dunduniya kuwa kada ta riƙa ɗagawa in ka taka. Yi aƙalla kilomita 60 zuwa 80 da shi kafin ranar tashi. Sabon takalmi da aka ciro daga kwali a Glasgow, kafin kwana na biyu ya gama da mai shi.

Safa ta ulu ko ta zaren roba ake sawa, ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya tana bushewa a bayan jaka, ɗaya a ɗaure cikin leda ta kwana kawai. Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi kamar ta mai wanki, to daga nan bororo ke farawa. Abu uku ne ke haɗuwa su haifar da shi: danshi, zafi da guga. Kafin ya fito za ka ji wuri guda yana ɗan zafi kamar an ɗora masa garwashi. Nan take ka tsaya, ko da saura kilomita ɗaya ka isa masauki. Cire takalmi, shanya ƙafa, manna filasta mai faɗi a wurin ba tare da ta tattare ba. Minti biyar ne aikin, kuma rigakafi ya fi magani. In ya riga ya fito ƙarami ne, rufe shi da filastar bororo ka bar shi. In babba ne yana hana taku, wanke wurin, ƙona bakin allura, huda shi daga gefe, matse ruwan, ka bar fatar saman a wurinta domin ita ce murfinsa. Ja da ke yaɗuwa, mugunya ko zazzaɓi, wannan na likita ne. Yanke farce kwana uku kafin tafiya, kuma duk hutun rana ka cire takalmi da safa su sha iska.

Tufafi da jaka

Wasu duwatsun yammacin Sikotland suna samun ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, kuma babu watan da ba a yi. Saboda haka rigar ruwa ta gaske mai hula, wadda aka liƙe ɗinkinta ta ciki, da wandon ruwa, dole ne ko da an tashi da rana tarwai. Lema ba ta da amfani a wannan iskar.

Riga hawa uku ake sawa. Ta jikin fata ta zama ulu marar kauri ko zaren roba mai saurin bushewa. Ta tsakiya mai ɗumi ce, irin mai laushin nan ta 'yan wasanni. Ta waje ita ce ta ruwa. Wandon jins, shadda da singiletin auduga a bar su a gida, domin in suka jiƙe ba sa bushewa, sai su dinga zuƙe ɗumin jiki. Ka tashi da safe kana ɗan jin sanyi, don bayan minti 10 na tafiya jiki zai ɗau zafi. Wanda ya fita a duƙunƙune gumi zai jiƙa shi ta ciki, da ya tsaya hutu gumin ya koma sanyi. Da ka tsaya, saka rigar ɗumi tun kafin ka fara jin ɗari. Ƙara hular sanyi da safar hannu ko a Yuli. Mata masu lulluɓi su nemi hijabin wasanni mai saurin bushewa, su riƙe na biyu busasshe a leda.

Mai kwana a masauki jakar goyo ta lita 30 zuwa 35 ta ishe shi. Mai tanti yana bukatar ta lita 55 zuwa 65. Kada nauyinta, har da ruwa da abinci, ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka: mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14, ƙasa da haka ya fi. Ɗamarar ƙugu ce ke ɗaukar nauyin. Fara ɗaure ta a kan ƙashin ƙugu, sannan ka ja igiyoyin kafaɗa. In kafaɗa ke ciwo, ɗaurin bai yi ba. Kaya masu nauyi su jingina da bayanka a tsakiyar jaka, rigar ruwa a can sama. Murfin ledan da ake sayarwa da jaka iska tana yaye shi, don haka ka zura ƙatuwar leda mai kauri a cikin jakar, ka zuba kome a ciki.

Sauran kayan: taswirar takarda ta kamfanin Harvey ko Ordnance Survey, kamfas, tocilar goshi, usur, fawa-bank, bargon leda na gaggawa, ƙugiyar cire kaska, ragar rufe kai, maganin ciwon jiki, da sandunan dogarawa guda biyu, waɗanda ke rage wa gwiwa aiki a gangara. Gwangwanin gas ba ya shiga jirgin sama, a Glasgow ake saye. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar babbar jaka a mota daga masauki zuwa masauki, galibi har kilo 20. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma ga mai ciwon baya ko gwiwa shi ne daidai.

Wurin kwana

Daga Rowardennan zuwa arewa masaukai ƙalilan ne, wasu wuraren otal ɗaya tak. Mai son tafiya a Mayu ya kama ɗaki tun wata shida kafin lokaci, ya fara da Kingshouse, Inveroran da Rowardennan, sannan ya tsara sauran kwanakin a kansu.

Dokar ƙasa ta 2003 ta ba jama'a damar ratsa fili da kafa tanti a daji a Sikotland, muddin an kiyaye haƙƙin masu gona: nesa da gidaje da garke, dare ɗaya ko biyu, a kwashe shara duka. Sai dai gabashin tafkin Loch Lomond yana da tasa dokar. Daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, daga wajen Balmaha har ɗan gaba da Rowardennan, ba a kafa tanti sai a sansani kamar Sallochy ko a wurin da aka sayi izini, kuma ana cin tarar wanda ya saɓa. Akwai kuma ɗakunan dutse biyu na kyauta a bakin tafkin, Rowchoish da Doune. Ba gado, ba lantarki, ba a kama wuri. Wanda ya dogara da su ba tare da tanti ba, yana iya tarar da su cike. In bahaya ta kama ka a daji, yi nisan mita 30 daga ruwa, haƙa rami ka binne.

Ci, sha da salla

Doka ta hana shigo da nama Birtaniya daga ƙasashenmu, don haka kilishi da dambun nama ba za su wuce filin jirgi ba. Glasgow tana da shagunan halal da yawa, a can ake sayen guzuri. A kan hanya kuwa kifi, ƙwai, wake da dankali su ne mafita. A karin kumallon masaukai akan haɗa da naman alade da wani baƙin tsiran jini, sai ka faɗa tun dare cewa na marasa cin nama kake so.

Dabino, gyaɗa, zabibi, biskit, cuku, burodi da kifin gwangwani su ne abincin rana. Garin kwaki da sukari da madarar gari ba shi da nauyi, kuma yana riƙe ciki. Ci kaɗan duk bayan awa ɗaya, kada ka jira yunwa. Riƙe ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, don haka launin fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu, ƙara sha. Ƙoramu suna ko'ina, amma tumaki, shanu da barewa suna sha suna kashi a gefensu. Tace ruwan, ko ka tafasa shi minti ɗaya, ko ka jefa ƙwayar kulorin ka jira minti 30.

Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take, wajen digiri 118 a kamfas. Nisan tafiyar ya haura na ƙasaru. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli shafaƙi ba ya gama ɓacewa a can, saboda haka kwafi jadawalin babban masallacin Glasgow kafin ka tashi. Bayan alwala tsane ƙafa sarai, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da safa.

Hanyar kanta

Jirgin ƙasa daga tsakiyar Glasgow zuwa Milngavie kamar minti 25 ne. Alamar hanya hoton furen ƙaya ne a cikin zane mai kusurwa shida, a jikin turakun katako. In ka yi minti 20 ba ka ga ko ɗaya ba, kuma ka wuce mararraba, buɗe taswira.

Kwana na farko, zuwa Drymen, kilomita 19. Ana ratsa kurmin Mugdock, a wuce ƙananan tafkuna, a hau gadon tsohon layin dogo a gaban dutsen Dumgoyne, a ƙarasa a kan kwalta. Sauƙinsa ne tarkonsa: mutane suna sauri, ƙasa mai tauri tana dafa tafin ƙafa. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Na biyu, zuwa Rowardennan, kilomita 24. Tudun Conic mai mita 361 yana zaune daidai kan tsagar ƙasar da ta raba filayen kudu da duwatsun arewa. Daga samansa za ka ga tsibiran Loch Lomond sun jeru a layi ɗaya, suna bin wannan tsagar. Gangarar zuwa Balmaha matakalar dutse ce mai tsayi, a nan sanduna ke fara biyan kuɗinsu. Kada ka ɗauka bakin tafki shimfiɗe yake: kilomita 11 ɗin da suka rage hawa da sauka ne ba iyaka. Sayi abincin gobe a shagon Balmaha.

Na uku, zuwa Inverarnan, kilomita 22 da rabi, shi ne mafi wuya a duk tafiyar, ko da yake taswira ba ta nuna wani hawan kirki. Bayan Rowardennan hanya ta rabu biyu: ta sama faffaɗar hanyar kurmi ce, ta ƙasa tana bin bakin ruwa, ta fi kyau, ta fi cin lokaci. Mai babbar jaka ya bi ta sama ya adana ƙarfinsa. A Inversnaid, inda ruwa ke zubowa daga dutse kusa da otal, ka zauna ka ci abinci sosai, ka cika gora. Abin da ke gaba, kimanin kilomita 5 zuwa 6, saiwoyin itace ne masu santsi, manyan duwatsu da ake dafawa da hannu, matsattsun wurare tsakanin dutse da bishiya inda jaka ke maƙalewa, ga ruwa a ƙasa ta hagu. Mai yin kilomita 5 a awa, a nan biyu zai yi, wani lokaci ƙasa da haka. Kada ka taka jiƙaƙƙiyar saiwa a tsawonta, tsallake ta ko ka sa ƙafa a ƙasa tsakaninsu. Inda ake bukatar hannu, rataye sandunan a jaka. Ƙara matse ɗamara don kada jaka ta rinjaye ka in ka karkata. Yawan faɗuwa da targaɗe da yamma suke faruwa, lokacin da gajiya ta zo kuma mutum ya fara duba agogo, saboda haka ka bar Rowardennan kafin ƙarfe 8 na safe. Za ka ji warin awakin daji kafin ka gan su, ba ruwansu da kowa.

Na huɗu, zuwa Tyndrum, kilomita 19, hutu ne in an kwatanta da jiya. Ana bin kwarin Falloch, a sunkuya a bi ta wata 'yar ƙofar tumaki a ƙarƙashin layin dogo, a ratsa makiyaya mai taɓo. Saniya mai ɗan maraƙi a kewaye ta, kuma duk ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta. A saman Crianlarich ne rabin hanya. Wanda ƙafarsa ta ƙi, akwai tashar jirgin ƙasa a nan, akwai a Tyndrum, akwai a Bridge of Orchy. A Tyndrum ka yi sayayya ta sosai, domin babu wani shagon kayan abinci sai Kinlochleven, kilomita 45 a gaba.

Daga Tyndrum zuwa Kingshouse kilomita 30 ne. Masu kwana 7 suna haɗa shi rana ɗaya, masu kwana 8 suna kwana a Bridge of Orchy ko Inveroran, kuma mun fi ba da shawarar hakan. Kashin farko tsohuwar hanyar soja ce ta ƙarni na 18, a gindin dutsen Beinn Dorain, mai sauƙin taku. Kashi na biyu shi ne Rannoch Moor, makekiyar fadama mai duwatsu a kewaye, kilomita 16 babu gida, babu rumfa, babu bishiyar kirki. Hanyar shimfiɗar duwatsu ce da injiniya Thomas Telford ya gina, wadda motoci suka bi har 1933. Ba a ɓata a kanta muddin ba a sauka ba, kuma kada a sauka, domin gefenta taɓo ne mai zurfi. Duwatsun suna dukan tafin ƙafa, a nan ne mai siririn takalmi ke gane kurensa. Duba hasashen yanayi na Met Office ko MWIS tun dare. In an ce iska mai ƙarfi da ruwa, saka wandon ruwa tun a Inveroran, ka sa abinci a aljihu yadda za ka ci kana tafe. Gadar kogin da ake kira Ba ita ce kusan tsakiya. Da ka gangaro ka hango dutsen Buachaille Etive Mòr tsaye shi kaɗai a bakin kwarin Glencoe, Kingshouse ta kusa. Tsallaka titin A82 da hattara, motoci a guje suke.

Kingshouse zuwa Kinlochleven kilomita 14 da rabi ne. Daga Altnafeadh ake hawan Devil's Staircase, wato matakalar shaiɗan, hanya mai lanƙwasa da sojoji suka sara wajen 1750. Sunan ya fi aikin ban tsoro: hawan kamar mita 250 ne, minti 40 zuwa awa ɗaya. Yi gajeren taku, da saurin da za ka iya magana kana tafe. A ƙoli, mita 548, iska ta fi ƙarfi, kuma duk hawan mita 150 zafi yana raguwa da kusan digiri ɗaya. Aikin yana gangara: daga can sama har daidai da teku, a kan tsakuwa, a ƙarshe a gefen manyan bututun da ke kawo ruwa daga madatsar Blackwater, waɗanda aka shimfiɗa domin masana'antar alminiyam ta garin. Kafin ka fara sauka sake ɗaure igiyar takalmi ta kama idon sawu, ka ƙara wa sanduna tsawo.

Kwanan ƙarshe kilomita 24. Ana farawa da hawa mai tsayi cikin kurmi, sannan a shiga doguwar mashigar Lairig Mòr tsakanin duwatsu, inda ba mafaka sai kangayen gidajen makiyaya. Babu shago har Glen Nevis, kwarin da ke gindin Ben Nevis. Ƙananan ƙoramu suna ratsa hanya, bayan ruwan sama sukan cika.

Ƙudaje, kaska da sanyi

Ƙudajen da suke kira midges ba su kai ƙwayar gero ba, amma dubbai suke zuwa, da asuba da magariba, a wuri mai danshi marar iska. Ba sa ɗauke da cuta, sai dai suna hana mutum sukuni. Iska kaɗan tana korarsu, kuma ba sa cim ma mai tafiya, don haka ka kafa tanti a fili mai iska, nesa da bakin ruwa. Ragar sauro ta gida ramukanta sun yi musu faɗi, sai ragar kai da aka yi dominsu, tare da man shafawa irin Smidge ko mai sinadarin DEET.

Kaska ta fi su hatsari domin tana iya ɗauke da cutar Lyme. Tana jira a dogon ciyayi. Cusa ƙafar wando cikin safa, kuma kowane dare ka duba bayan gwiwa, matsematsi, ƙugu da hammata. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai kamar yadda ake yi wa ta dabbobi, domin hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jikinka. Zura ƙugiyar a ƙarƙashinta dab da fata, murɗa a hankali har ta saki, wanke wurin, rubuta ranar. In cikin kwana 3 zuwa 30 ka ga jan zobe yana faɗaɗa a fata, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, je wurin likita ka ce masa kaska ta cije ka a Sikotland.

Sanyin da ke kisa ba sai da ƙanƙara ba. Jiƙa, iska, yunwa da gajiya in sun haɗu, zafin jiki yana iya faɗuwa ƙasa da digiri 35 ko a tsakiyar Yuli. Alamominsa karkarwa, yawan tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, mutum ya yi shiru ko ya fara faɗa ba dalili. Mai shi ba ya ganewa, abokin tafiya ne ke lura. A tsaya a bayan dutse, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a saka busassu, a zaunar da shi a kan jaka don kada ƙasa ta ƙara masa sanyi, a lulluɓe shi, a ba shi abu mai zaƙi da shayi mai ɗumi. In karkarwar ta tsaya alhali bai warware ba, abin ya yi tsanani. Kira 999, nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto a dutse kake so. Tun kafin ka bar Glasgow, da layin wayar Birtaniya, ka tura kalmar register ta saƙon tes zuwa 999 ka bi umarnin da za a turo, domin inda sabis ya yi rauni saƙo yakan fita ko kira bai shiga ba. Alamar neman agaji busa usur sau shida ce, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Kowace safiya ka gaya wa wani inda za ka kwana da lokacin da kake sa ran isa.

Bayan Glen Nevis sauran tafiyar a gefen titi take, kuma tsohuwar alamar ƙarshe da ke bakin gari ba ita ce ƙarshen ba. Ratsa babban titin kasuwar Fort William har dandalin Gordon, inda mutum-mutumin tagulla na wani matafiyi ke zaune a benci yana murza ƙafarsa. Mai niyyar hawa Ben Nevis ya huta kwana ɗaya tukuna, ya ware awa 7 zuwa 9, ya kuma fasa in gajimare ya rufe ƙolin. Jirgin komawa Glasgow kusan awa huɗu yake yi, kuma ba su da yawa a rana, don haka ka sayi tikiti tun kafin ka bar Milngavie.